Karkanda Biyu a Gareji Ɗaya

Shafi na 9

Barkanmu da warhaka, masu bibiya. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa jiya na bar su a tsaye. Ku yi haƙuri, ku gyara zama. Wanda yau ne shigowarsa ta farko, ga inda muke.

A wata unguwa a Kudan akwai gidan Barnaba manomin rake da matarsa Judith mai ɗinki. Yara biyu ne suka rage musu a gida: Meshach ɗan shekara goma sha biyar, da ƙanwarsa Beauty 'yar sha ɗaya. Ba su rasa tuwo ba, ba su rasa takalmin makaranta ba. Abin da suka rasa shi ne waya ta biyu. Ɗaya ce tal a tsakaninsu, tsohuwar wayar yayarsu da ke karatu a Zariya. Gilashinta ya tsage ta gefen dama. Wani lokaci ka danna wurin ya ƙi ji, wani lokaci kuma, in hannu ya yi gumi, ya danna kansa ba a sa shi ba. Sabis kuwa a gindin mangwaro kaɗai yake kamawa. In ka doshi kicin ɗin Mama, ya ɗauke kamar bai taɓa zuwa garin ba.

A cikin wannan waya akwai wasan da yaran unguwa ke kira Damben Ƙarfe. Kyauta ake sauke shi. Kowane ɗan wasa yana da gareji, inda yake jera mutum-mutuminsa na ƙarfe. In aka kayar masa da ɗaya a fili, sai ya fito da na gaba. Mai hali yana sayen sababbi. Marar hali yana jiran akwatin kyauta da wasan ke bayarwa kullum.

Buɗe akwatin nan shi ne kawai aikin da Meshach ya yarda Beauty ta yi. Kuma daga cikinsa ne wata rana mutum-mutumi mai suna Karkanda ya fito, irin wanda Meshach ya daɗe yana alfahari da shi. Sai ya zama Karkanda biyu a gareji ɗaya.

Gobe Asabar kuma rundunar Kudan za ta kara da yaran Makarfi.

To, mu ci gaba.

*

"Salamu alaikum!"

Beauty na tsugune tana wanke kwanuka ta ji muryar Uwaisu, shugaban rundunar, ɗan Bobbo makiyayi na rugar bayan gari. Ƙanwarsa Sabuwa na biye da shi, ƙwaryar nono a kanta, ta sayar ta ƙare.

Mama Judith ta tsayar da keken ɗinki. "Wa alaikumus salam. A'a, Uwaisu ne? Ku shigo."

Ya durƙusa. "Barka da yamma, Mama."

"Barka kadai. Ya mutanen ruga?"

"Lafiya lau."

"Ya shanu? An samu ciyawa?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya ƙafar Inna?"

"Da sauƙi, tana gaishe ki. Ya Baba? Ya aiki?"

"Yana gona. Aiki mun gode Allah." Ta dube shi ta saman tabarau. "Na san ba ni ka zo gaisarwa ba. Ga abokin yaƙin naka can a gindin mangwaro, tun azahar yake hira da ƙarfe."

Uwaisu ya yi dariya ya wuce. Sabuwa ta sauke ƙwarya, ta tsuguna kusa da Beauty, ta kama mata ɗauraya.

"Ya Wule?" ta tambaya a hankali.

"Yi shiru," in ji Beauty. "Yana nan."

Wule shi ne sunan da Sabuwa ta sa wa Karkanda na biyu. A rugarsu haka ake kiran saniya mai farin goshi, kuma Beauty ta ɗiga masa farin fenti a goshi tun ranar da ya fito daga akwati.

Daga gindin mangwaro muryar Meshach ta taso.

"Kyaftin, zauna ka ga abu. Ka ga wannan? Wasan da kansa yake tambayata. Wai tunda ina da iri ɗaya guda biyu, in narkar da ɗaya in zuba wa ɗayan."

"Me zai ƙaru?"

"Mataki guda cur. Ƙarfen jiki ya yi kauri, bindiga ta ƙara nisa."

"To me kake jira? Yaran Makarfi kuɗin rake suke zuba wa nasu. Narka kawai."

Kwanon da ke hannun Beauty ya faɗa cikin ruwa.

Ba ta san sanda ta miƙe ba. Sai ganinta aka yi a gabansu, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Yaya, wanne za ka narkar?"

Meshach bai ɗago ba. "Na banzan mana. Wanda ke cin wuri."

"Ba na banza ba ne."

"Je ki ƙarasa wanke-wankenki."

"Ni na buɗe akwatin da ya fito."

"Ni kuma nake da garejin."

"In ka narkar, zai dawo?"

"Ƙarfen da ya narke yana dawowa ne? Ke wai yau me ya same ki?"

Uwaisu ya sa baki cikin lallashi. "Beauty, ki duba ki gani. Iri ɗaya ne. Kai ɗaya, ƙafa ɗaya, launi ɗaya. Me mutum zai yi da abu ɗaya sau biyu?"

Ta duba. A fuskar wayar, Karkanda biyu na tsaye kafaɗa da kafaɗa. A ƙarƙashinsu akwai wurin dannawa biyu: ja a hagu na fasawa, kore a dama na yarda. Babban yatsan Meshach na shawagi a kan koren.

Akwai abin da in ta faɗa zai ceci Wule. Amma in ta faɗa, Yaya zai san ta karya dokarsa, kuma wataƙila ko akwatin ba zai sake barinta ta buɗe ba.

"Yaya, don Allah."

"Ba ni dalili ɗaya."

Ta sunkuyar da kai.

"Kin gani? Babu."

"Akwai!"

Ba Beauty ce ta faɗa ba. Sabuwa ce, tana tahowa tana goge hannu da bakin zane.

Uwaisu ya harare ta. "Ke, wa ya sa da ke?"

"Hamma, tambaya ɗaya zan yi maka. Farin bijimin Baffa da farin bijimin Kawu, iri ɗaya ne?"

"Ina ruwan shanu da wannan?"

"Ka amsa mana."

"Ba iri ɗaya ba ne. Na Baffa yana tunkuyi, na Kawu ko yaro zai ja shi."

"Amma mutanen gari in sun zo ruga, me suke cewa?"

Uwaisu ya yi tsaki. "Cewa suke duk ɗaya ne."

"Kai kuma ka yi ta yi musu dariya har ka riƙe ciki. To yau ga shi ka zama ɗan gari. An nuna maka biyu ka ce ɗaya ne."

Mama Judith ta saki dariya daga bakin keke. "Sabuwa, Allah ya shirye ki."

"Mama, gaskiya ce. Cewa yake a yanka saniya a dafa wa 'yar'uwarta don launinsu ya zo ɗaya."

Meshach ya sauke wayar a cinyarsa. "Wai ku biyun nan me kuke ɓoyewa?"

Sabuwa ta dubi Beauty. Beauty ta girgiza kai. Sabuwa ta yi kamar ba ta gani ba.

"Hamma, ranar Laraba, da kuka buga da mutanen nan masu jan tuta, wa ya cece ku?"

"Meshach mana. Duk an kayar da mu, saura shi kaɗai. Ya tsaya a bakin gada ya hana mutum uku wucewa har lokaci ya cika. Ai tun ranar muke kiransa Sarkin Gada."

"Ranar Laraba da la'asar?"

"E."

Keken ɗinki ya tsaya. Mama Judith ta cire tabarau.

"Laraba da la'asar? Meshach, ba ranar ce Babanku ya tafi da kai ɗaurin rake ba? Ka dawo da magariba kana kukan bayanka zai karye, har na dafa maka ruwan zafi?"

Meshach ya ɗaga kai yana kallon ganyen mangwaro.

Wata kaza ta ratsa tsakar gida, ta dube su, ta wuce.

Uwaisu ya juya a hankali ya fuskanci abokinsa. "Sarkin Gada?"

Meshach ya sosa ƙeya. "To... ai ban ce ni ne ba."

"Ka ce ba kai ba ne?"

"Ba ku tambaye ni ba."

"Kai! Har ƙosai na saya maka a shagon cajin waya na Felix!"

"Ai na ce maka na ƙoshi, kai ka matsa."

"Ka cinye har da yajin!"

Sabuwa ta durƙushe don dariya. Beauty kam ba ta yi ba. Idonta na ƙasa, tana murza yatsun ƙafa cikin turɓaya.

Meshach ya dube ta. Muryarsa ta sauko. "Na san ke ce. Da na dawo na ga saƙonni, na san babu wanda ya taɓa wayar sai ke. Na yi shiru ne don ban san yadda zan faɗa ba."

"Gayyatar wasa ce ta shigo, Yaya. Ta yi ta shigowa. Na ji tsoro kada a ce ka gudu, su cire ka daga rundunar."

"Na ji. Ban yi fushi ba." Ya gyara zama, ya ɗan dawo da muryar manya. "Amma wannan ai bai canza komai ba. Da Karkandana kika shiga. Ƙarfinsa ne ya tsare gadar. Shi ya sa ma nake so in ƙara masa."

"Ba da naka na shiga ba."

"Me?"

"Da Wule na shiga."

"Wane ne kuma Wule?"

Sabuwa ta miƙa yatsa ta nuna na hagu a fuskar wayar. "Ga shi nan. Mai farin goshi. Hamma, kai da kake kallo a wayarka ranar, ba ka ga goshin ba?"

Uwaisu ya karɓi wayar ya kawo ta daf da hanci. Ya daɗe yana kallo.

"La ilaha illallahu. Wallahi na ga farin nan. Na ɗauka hasken rana ne."

"Ɗan makiyayi ke nan," in ji Sabuwa. "Bari in je in gaya wa Baffa."

"Ki gaya masa ki ga yadda za ki koma ruga da ƙafa ɗaya."

Meshach ya fizge wayar, ya buɗe cikin Wule. Ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago yana yamutsa fuska.

"Wannan ai ko bindiga babu a jikinsa! Garkuwa ce kawai a gaba, sai wata 'yar wuta. Da wannan za ki ce kin tsare mutum uku? Beauty, ƙarya ba kyau. Ranar Lahadi me aka koya muku?"

"Ba ƙarya nake ba."

"To a gwada," in ji Mama Judith, tana zare allura daga bakinta. "Ni dai ban san kan abin nan naku ba. Amma in mutum ya ce ya iya ɗinki, yadi ake miƙa masa. Uwaisu, ba ga taka wayar ba?"

Uwaisu ya zaro wayarsa yana murmushi. "Mama, da Shahona fa zan shiga. Kada a ce na zalunci yarinya."

"Shiga da duk tsuntsun da ka ga dama."

Meshach ya miƙa wa Beauty wayar.

"In ya kayar da ke, zan narkar. Kin yarda?"

Ta share hannunta a siket har sau biyu. "Na yarda."

Suka zauna a kan tabarma, gwiwa na gugar gwiwa. Fili ya buɗe: wani rusasshen gari mai katangu da gada a tsakiya.

Shahon Uwaisu ya tashi sama, yana ruwan harsashi tun daga nesa. Wule bai ko yi ƙoƙarin ramawa ba. Ya taka a hankali, ya shige bayan wata karyayyiyar katanga, ya tsaya.

"Ta gudu!" in ji Uwaisu. "Fito mana, 'yar Mama!"

Beauty ta bar Wule a bayan katangar.

"Harba mana!" Meshach ya faɗa a kunnenta. "Ke, harba!"

"Yaya, numfashinka yana sa gilashin yin hazo."

Ya ja baya.

Sai a lokacin ya lura da hannunta. Babban yatsanta na hagu ne kaɗai ke aiki. Na daman yana naɗe a bayan wayar, bai ko kusanci tsagewar ba.

Shaho ba ya iya daɗewa a sama. Dole ya sauka ya huta kafin ya sake tashi. Uwaisu ya gaji da jira, ya sauko daf da katangar yana cewa, "Bari in zaƙulo ta."

Yana dira, Wule ya fito.

Garkuwa a gaba, kai a sunkuye. Harsashi na bugun garkuwar yana zamewa. Ya matso, ya matso, ya haɗa Shaho da bango. Sai 'yar wutar nan da Meshach ya raina ta kama da kanta.

"Kai! Kai! Sake ni! Sabuwa, gaya mata ta sake ni!"

"Tashi sama mana, Hamma. Ba shaho ba ne?"

"Ya ƙi tashi! Ta danne mini fiffike!"

Ƙarfe ya yi ja, ya yi baƙi, ya zube.

Sabuwa ta rangaɗa guɗa har akuyar maƙwabta ta amsa. Mama Judith ta tafa hannu tana cewa, "Oh ni Judith, ashe soja nake goyo ban sani ba."

Uwaisu ya kwanta rigingine a tabarma, ya ɗora wayarsa a fuska. "Kada wanda ya kai labarin nan shagon Felix. Ina roƙonku."

Meshach bai yi dariya ba tukuna. Yana kallon hannun ƙanwarsa.

"Me ya sa ba kya taɓa dama?"

"Wurin harbi a kan tsagewar yake, Yaya. In ka danna, wani lokaci ya fita, wani lokaci ya ƙi. Na sha ganin kana dannawa kana zagin sabis. Ba sabis ba ne. Gilashin ne." Ta nuna masa tsagewar. "Shi ya sa na cire wa Wule bindiga, na sa masa wutar da ke kamawa da kanta in an matso. Shi ba ya bukatar dama."

"Tun yaushe kika gane haka?"

"Tun da daɗewa."

"Ba ki gaya mini ba?"

"Ka ce in na sake yi maka magana kana wasa za ka ɗaure ni a jikin mangwaro."

Yanzu kam dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya share ido.

Uwaisu ya tashi zaune, fuskarsa ta canza, ta koma ta shugaban runduna.

"Ku tsaya. Ku tsaya in yi tunani. Yaran Makarfi sun san Karkandan Meshach. Sun san daga nesa yake harbi. Gobe ya fara shiga da nasa. In sun kayar da shi, sai ya miƙa wa Beauty wayar, Wule ya fito. Za su ga Karkanda ya dawo, su ce ai wancan ne, su rugo su gama da shi."

"Su iske bango," in ji Sabuwa.

"Su iske bango! Ashe amfanin biyun ke nan. Kai, Meshach, da ka narkar da abin nan da na narkar da kai."

"Kai fa ka ce in narka!"

"Ban ga goshin ba a lokacin."

Meshach ya karɓi wayar, yana ta murmushi. Tafin hannunsa ya jiƙe da gumi saboda ihun da ya sha. Ya koma gareji. Nan take tambayar ɗazu ta sake faɗowa, don wasan ba ya gajiya da ita: kana da biyu, a narkar da ɗaya?

"Ka ji shi kuma," in ji Meshach. "Ba ma so. Beauty, zo ki gani da idonki, ja zan danna."

Ya kai yatsa wajen ja.

Gefen tafinsa ya gogi tsagewar.

Wayar ta yi ɗan ƙyaftawa. Ja da kore suka ɓace. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana juyawa.

"Me ka danna?" in ji Uwaisu.

"Ja!"

"Ka tabbata?"

"Ja na nufa!"

"Ban ce me ka nufa ba!"

Beauty ta ƙura wa zoben ido. In ja ne, ai ba a jira, tambayar ɓacewa kawai take yi. Zoben nan sai in wayar na son aika wani abu.

"Sabis ya ɗauke," in ji Sabuwa, tana leƙe. "Bai tafi ba tukuna. Ga shi yana nema."

Tunda aka kawo wayar nan gidan, kullum addu'ar Meshach ita ce sabis ya zo. Yau sai ga shi ya miƙe zumbur yana ihu.

"Kada ya dawo! Ya Yesu, kada ya dawo!"

"Kashe data!" in ji Uwaisu.

"Ya ƙi dannuwa! Gilashin ya sandare!"

"Kicin!" Beauty ta ƙwala. "Yaya, kicin ɗin Mama!"

Meshach ya zura da gudu, ya tsallake kwanukan wanke-wanke, takalminsa ɗaya ya tsaya a hanya. Ya faɗa kicin, ya janyo babbar tukunyar ƙarfe, ya jefa wayar ciki, ya kifa murfi, ya haye kai ya zauna.

"Tukunyar tuwona!" in ji Mama Judith. "Kai, Meshach!"

"Mama, don Allah, yau a ci gari!"

Suka taru a ƙofar kicin, su huɗu, ba mai motsi. Uwaisu na karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Sabuwa ta riƙe hannun Beauty gam.

Meshach ya ɗago daga kan tukunyar. Gumi na bin fuskarsa.

"Beauty, in ya tafi... wallahi ban yi da gangan ba. In ya tafi, nawa ya zama naki. Ki cire bindigar, ki ɗiga masa farin. Ni zan riƙa buɗe akwati."

Kafin ta amsa, daga cikin tukunyar, can ƙasa, aka ji:

Tilin!

Ba wanda ya san ƙarar me ce. Ba wanda ya kai hannu ga murfin.

Beauty ta dubi yayanta, zaune a kan tukunya da takalmi ɗaya, ya fi ta tsorata. Ba ta san ko Wule na nan ko ya narke ba. Amma ta gane abu ɗaya: daga yau Yaya ya san su biyu ne suke da garejin.